3.4 Sharhi a Kan Takardun Kwangila na Bai-ɗaya Wajen Sayen Aikin Kwamfuta

Dokar sayen kayayyaki da ayyukan gwamnati ta shekarar 2007 ita ce ta ɗora wa hukumar BPP nauyin tsara takardun kwangila na bai-ɗaya. Dokar ta hau kan cibiyoyin tarayya da ke Birnin Kebbi, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, amma ba ta hau kan Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu kai tsaye ba, domin ta jiha ce.

Amfanin takardun a fili yake, wato duk 'yan kwangila sharuɗɗa iri ɗaya suke gani. Sai dai idan aka duba, za a ga an fi gina su a kan aikin gini da sayen kaya, abin da ake ƙirgawa a karɓa. Manhajar rajistar ɗalibai kuwa ba buhun siminti ba ce. Ranar da aka miƙa ta, ranar hidimarta take farawa. Wa zai gyara ta idan ta tsaya ana tsakiyar rajista? A hannun wa bayanan ɗalibai za su zauna idan kwangila ta ƙare? Jami'in da ya cike gurabe kawai bai ƙara waɗannan sharuɗɗa ba, ya bi doka, amma ya bar makarantarsa a hannun kamfani.