Kama da Wane ba Wane ba ne: Sharhi kan Cinikin Kwafin Tsofaffin Littattafan Turai Masu Zayyana

A fadar Shantiyi, arewa da birnin Faris, akwai wani littafin addu'o'in Kirista wanda aka fara rubutawa da zayyanawa domin Jean, hakimin Berry, ɗan sarkin Faransa. Waɗansu ƴan'uwa uku na gidan Limbourg ne suka soma aikin, ba su gama ba suka mutu a 1416, shekarar da shi ma hakimin ya mutu. Sai wajen 1485 wani mai suna Jean Colombe ya cikasa. Warƙa 206 ne, duk na fata, ga ruwan zinariya, ga wani shuɗi da ake niƙawa daga dutsen da ake haƙowa a Afganistan. Kalandarsa ta wata goma sha biyu ita ta fi suna, inda ake ganin manoma na huɗa da girbi a gindin fadodin hakimin.

A 1984 wata maɗaba'a ta birnin Luzern, ƙasar Suwis, ta fitar da kwafinsa guda 980, girma ɗaya, launi ɗaya, kowanne da lambarsa. A 1990 ta yi wa Linjilar Kells ta Dublin irin wannan aiki, kwafi 1480, har ramukan da ƙwari suka ci sai da aka huda. A kan wannan sana'a, da kuma yadda ake tallarta, muke son mu tofa albarkacin bakinmu.

Ba mu musun amfaninta. Fata ba ta son haske, ba ta son gumin hannu, launi kuwa yana ɓarewa in an yawaita buɗewa. Littafin Shantiyi ma, wasiyyar hakimin Aumale, wanda ya saye shi a 1856, ta hana a fitar da shi daga fadar. Saboda haka mai nazari da ke Yamai ko Damagaram, in ya sami kwafi nagari, zai ga abin da hoton kwamfuta ba ya nunawa: nauyin littafin, faɗin gefen da marubuci ya bari, da yadda shafin dama ke amsa na hagu.

Inda muka rabu da masu tallan shi ne da suke kiran kwafin jari, wai a saya a ajiye, gobe ya yi tsada. Abin da ya sa na asali ba shi da farashi shi ne guda ɗaya ne, hannun da ya yi shi kuma ya shiga ƙasa shekara ɗari shida ke nan. Ƙarancin kwafi kuwa maɗaba'a ce ta yanka shi da kanta: ta ce 980, da ta so sai ta ce dubu biyar. Takardar shaidar da ake haɗawa da shi tana ɗaure wannan maɗaba'ar ce kaɗai, ba ta hana wata zuwa da na'urar da ta fi ba. Haka kuwa aka yi, don daga baya an sake buga wannan littafin a Italiya da Sifaniya. Ke nan kwafi yana tsufa ta hanyar da na asali ba ya yi: kowace sabuwar dabarar ɗab'i tana mai da na jiya baya. Banda haka, masu saye kaɗan ne, kuma galibinsu wajen maɗaba'a suke zuwa. Ranar da magada suka tashi sayarwa, dillali ne zai faɗi kuɗi, su kuwa sai sallamawa ko komawa da kayansu gida.

Akwai kuma aibin da ya fi damun mai nazari. Wanda ya sayi littafi don riba ba ya buɗe shi, gudun kada ya yi datti. Sai ga shi abin da aka yi domin a hutar da na asali daga hannuwa, shi ma an kulle shi a akwati. Kwafin kansa yana iya ruɗin ido: takarda ba ta da ɓarin gashi da ɓarin nama kamar fata, zinariyar inji kuma kwance take, ba ta da tudun da ta hannu ke da shi. Ɗalibin da bai taɓa ganin na asali ba sai ya ɗauka haka littafin yake.

Mu a ƙasar Hausa dabarar ba baƙuwa ba ce. Tun ƙarnin da ya wuce ake ɗaukar hoton Alƙur'anin da gwanayen marubuta irin su Sharif Bala na Kano suka rubuta da hannu, da zayyanarsa ta hizbi da rubu'i da sumuni, a buga da yawa, warƙa-warƙa, a sa a tadarishi, a kai kasuwannin Kano da Maraɗi. Babu lamba, babu takardar shaida, kuma ba wanda ya taɓa rikita shi da rubutun hannu: farashin wannan daban, na wancan daban. Almajiri yana saye ya zuba a gafaka, ya yi ta tilawa har gefen warƙoƙin ya yi baƙi, sannan ya nemi wani.