Idan Makaɗi Ya Rage Ƙara: Nazari Kan Kunnen Mai Sauraro

Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan jihar Tawa a Nijar, da jitar lantarki mai ƙara ya yi suna a Turai da Amurka. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da salon sutudiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa, waƙoƙin kuma suka bazu daga waya zuwa waya. A 2024 ya fitar da Funeral for Justice, kundi mai zafin kiɗa da zafin magana kan halin da Nijar ke ciki. A farkon 2025 sai ga waƙoƙin nan dai sun sake fitowa a Tears of Injustice, amma da jita marar lantarki da murya ƙasa-ƙasa. A New York aka ɗauke shi, lokacin da juyin mulkin Yulin 2023 ya hana shi da abokan kiɗansa komawa gida.

Duk mawaƙin da ya yi irin wannan juyi, masu sauraronsa kan rabu biyu. Wasu su ce ya yi sanyi, ƙarfinsa ya ƙare. Wasu su ce yanzu ne ma suka ji abin da yake faɗa. Haka aka yi da mawaƙin Amurka Bruce Springsteen a 1982, da ya ajiye makaɗansa ya ɗauki kundin Nebraska shi kaɗai a gida a kan kaset. Kundin bai kai na gabaninsa ciniki ba, amma yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukansa.

Wannan rabuwa ba baƙuwa ba ce a Birnin Kudu da Gwaram. A gidan biki, inda matasa ke jiran a kunna manyan lasifiku, kiɗan fiyano ake so, domin ƙafa ce ke sauraro. Da dare kuwa a majalisa, ko a gona da ƙaramar waya a aljihu, sai ka tarar ana bin gurmin Haruna Uji na Haɗeja ko kuntigin Ɗan Maraya Jos kalma bayan kalma. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke yin duka biyun. Ashe saɓanin ba na tsara ba ne kawai, na wuri ne da buƙata.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ɗaukar ƙara a matsayin ƙarfi. A sutudiyo na'ura kan gyara muryar da ta kauce, gangar kwamfuta ta rufe baitin da ba shi da ma'ana. Da zarar an janye su, babu inda mawaƙi zai ɓuya: numfashinsa, karin waƙarsa da nauyin maganarsa duk suna fili. Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tal ya riƙe masu sauraro shekaru da dama, babu 'yan amshi.

Saboda haka kada a yi gaggawar cewa mawaƙi ya gaza don ya sassauta kiɗa. A ba shi kunne tukuna. Idan maganarsa ta tsaya da ƙafarta ba tare da lasifika ba, gwani ne. Idan ta faɗi, to da ma ƙarar ce ke riƙe da shi.