Ido Kafin Sanda: Gwanayen Sanin Maciji a Ƙasar Kurfai

Kusan kowane ƙauye a ƙasar Kurfai yana da mutumin da ake aika yaro ya kira idan an ga maciji a gindin rumbu. Ba gardi ba ne mai yawo da kwando kasuwa-kasuwa. Galibi tsohon manomi ne, ko makiyayi, ko maharbi, wani lokacin ma tsohuwar da ta ƙare ƙuruciyarta wajen yin itace. Jama'a na ihu suna neman sanda, shi kuwa sai ya ja ya tsaya daga nesa, ya ƙare wa abin kallo, sannan ya ce, "Ku janye yara," ko kuma, "Ku ƙyale shi, kusu yake nema." Kafin mutum ya iya raba waɗannan maganganu biyu, sai ya sha rana.

Filinge, a ƙasar Kurfai, tana cikin Dallol Boso, tsohon kwarin da ruwa ya daina gudu a cikinsa tun zamanin da, kimanin kilomita 180 arewa maso gabashin Yamai. Cikin kwarin yashi ne da gonakin hatsi da wake, gefensa kuma tudun duwatsu, kowane ɓangare da irin macijinsa. Wani bincike da Jean-François Trape da Youssouph Mané suka wallafa a 2015 ya lissafa iri 51 na macizai a Nijar, kuma mafi yawansu ba sa kisa. Waɗanda ke kai mutum kushewa 'yan kaɗan ne. Aikin gwani shi ne ya tsamo su daga cikin taron.

Launi ne abu na ƙarshe da yake dubawa, don launi yana ruɗi: ƙura tana sauya shi, hasken tocila ma haka. Tambayoyinsa daban ne. A ina aka gan shi? Da rana ko da dare? Da ya ga mutum, gudu ya yi, ko naɗewa, ko miƙewa? Wane sauti ya yi? Siririn maciji mai dogon wutsiya da ya gilma kamar kibiya da rana tsaka a cikin gona, kusan kullum ƙadangare yake bi, ba shi da shiri da mutum. Wanda ya ƙi gudu, shi ne abin kula.

Kububuwa ce ta farko a lissafinsa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Gajera ce, galibi ba ta wuce kamu biyu ba, launinta na ƙasa da ɗige-ɗige masu haske a gadon baya, kanta ya fi wuyanta faɗi. Da dare take fita, musamman bayan ruwan shuka, da rana kuma ta lafe ƙarƙashin dutse, ko tarin kara, ko dammunan hatsi da aka bari a gona. In an matsa mata sai ta lanƙwashe jiki tana goga ɓawonta da juna, ka ji wani sauti kamar an zuba ruwa a kaskon da ya yi zafi. Wanda ya san sautin nan ba ya ƙara taku ko ɗaya gaba.

A nan ne gwaninta take fitowa, domin akwai wani maciji mai shan ƙwan tsuntsaye da yake kwaikwayon kububuwa, har zanen bayan da gogar jikin. Ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su. Mai ido yana gane shi da tsawo da sirantar jiki, da ɗan ƙaramin kai wanda bai fi wuya ba. Duk da haka, in cikin duhu aka ji sautin, gwani ba ya jayayya: kububuwa ce har sai gari ya waye.

Kasa ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya gan ta, wuyar ita ce ganin nata. Ƙatuwa ce mai kauri, da faffaɗan kai, zanen bayanta ya saje da busasshen ganye. Ba ta gudu, shi ya sa ake taka ta, gargaɗinta kuwa huci ne mai ƙarfi. Da safe makiyayi yakan san ta wuce tun bai gan ta ba, don sawunta a kan yashi miƙaƙƙe ne mai faɗi, ba mai karkace-karkace irin na sauran ba. Akwai kuma wani ɗan gajere mai kauri, rawaya da baƙin dabbare, mai binne kansa a yashi, wanda ake yawan kashewa da sunan ɗan kasa. Ƙananan idanunsa da kansa da ya haɗe da jiki su ke nuna cewa dangin mesa ne, ba shi da dafi.

Mai fasa kai, gamsheƙa ko kumurci, shi ne ya fi shigowa gida. Akurki ne ke jawo shi, da kwaɗin da ke taruwa a gindin randa. Wani irinsa yana feso dafi a ido daga nisan da ya kai mita 2, don haka gwani ba ya tsayawa gaba da gaba da shi, sai ya kauce gefe ya buɗe masa hanya. In dafin ya shiga ido, magani na farko ruwa ne mai yawa, a yi ta wankewa, sannan a tafi likita.

Baƙaƙen ƙanana su ne jarrabawa mafi wuya. Macijin gida mai sheƙi, wanda ke farautar kusu a rumbu da dare, ba shi da dafi, kuma kashe shi asara ce ga mai hatsi. Amma akwai wani baƙi mai zama cikin rami, marar wuya, mai guntuwar wutsiya mai tsini, wanda ke fitowa bayan ruwan dare. Haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa, ko an riƙe shi ta ƙeya sai ya soki yatsa. Saboda shi ne masu sani ba sa kai hannu ga baƙin maciji, kuma ko wanda aka kashe da sanda suke ɗaga shi, don yankakken kai yana iya sara.

Shawarwarinsu ga gida ba su da tsada. A nisantar da tarin itace da kara daga ɗaki, a toshe ramukan kusu, a share gindin rumbu. Kada a fita da dare ba tocila ba takalmi. A taɓa dami da sanda kafin a ɗauka. Mai kwana a ƙasa ya cusa bakin gidan sauro ƙarƙashin tabarma.

Abin da ya fi burge ni game da na ƙwarai a cikinsu shi ne sun san inda iliminsu ya tsaya. In sara ya auku, zance ya koma hannun likita. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Mutum zai ga kumburi kawai ya ɗauka ya tsira, bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari. A asibiti ana zuba jininsa a busasshiyar kwalba mai tsabta a jira minti 20, in bai daskare ba an san dafin ya shiga. Aikin da David Warrell da abokansa suka yi a Zariya a shekarun 1970 ya taimaka wajen kafa wannan gwaji. Tsaga wurin, da tsotsa, da ɗaure ƙafa tamau, da manna baƙin dutse, duk ba sa fitar da dafi, ɓata lokaci kawai suke yi. A cire zobe da munduwa, a hana mutum tafiya da ƙafa, a ɗora shi kan babur ko amalanke zuwa likita mafi kusa. Bayanin da gwani zai bayar na irin macijin yana taimakon ma'aikacin lafiya, amma kada a tsaya farautar macijin.

A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta ƙuduri rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. Samar da allurar kashe dafi nauyin hukuma ne. Hana saran tun farko kuwa yana hannun waɗannan dattawa, kuma ya kamata malaman makaranta da ma'aikatan lafiya na Filinge, da Shikal, da Bonkuku su riƙa gayyatarsu su koya wa yara kafin damina ta faɗi.