Kwarin Waimangu: Tarken Zanen Blomfield

Da tsakar daren 10 ga watan Yuni, 1886, dutsen Tarawera da ke ƙasar Niyu Zilan ya yi aman wuta. Ya hallaka mutane wajen 120, akasarinsu ƙabilar Mawori, ya binne ƙauyen Te Wairoa, ya kuma shafe shahararrun matakalan silikar nan biyu, farare da masu ruwan hoda, da ke gaɓar tafkin Rotomahana. Daga tsagewar ƙasar da ta auku a wannan dare aka sami kwarin Waimangu.

Wannan ɗan nazari zai dubi zane-zanen Charles Blomfield (1848–1926), wanda ya zana matakalan kafin su ɓace. Bayan bala'in ya riƙe zanen asali, ya dinga kwafarsa yana sayarwa. Ba shakka ya ƙware wajen sarrafa launi: farin matakalan na sheƙi, tururi na tashi a hankali, ruwa kuma shuɗi ne garau. Amma jigonsa natsuwa ce tsantsa. Mai kallo ba zai taɓa zaton akwai wuta a ƙarƙashin ƙasar ba. Haka kuma idonsa ya fi karkata ga ƙasar fiye da masu ita, wato Tuhourangi, waɗanda ke yi wa baƙi jagora zuwa wurin, waɗanda kuma toka ta raba da gidajensu.

Wanda ya bi kwarin da ƙafa zai ga abin da zanen ya rasa. Tafkin Frying Pan na fitar da tururi dare da rana. Ruwan ramin Inferno kan cika ya janye, ya sake cika. Maɓuɓɓugar Waimangu, wadda sunanta ke nufin baƙin ruwa, ta yi ta feshi daga 1900 zuwa 1904, ta kashe mutane huɗu a 1903, sannan ta yi shiru. Kurmin da ya lulluɓe gangaren kuwa, kan toka ya tsiro da kansa bayan 1886.

Saboda haka darajar aikin Blomfield ta tarihi ce: shaida ce ta abin da ba a sake gani ba. Rauninsa shi ne ya ɗaure wuri mai motsi a kan siffa guda. Marubucin labarin tafiya da ya tsaya ga yabon launin ruwa, ya manta da waɗanda ke kwance a ƙarƙashin kurmin, ya maimaita wannan rauni.