Magana a Kan Marsiyoyi Huɗu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. 

Bayan haka, Edita ya aiko mini nan Ƙuba da marsiyoyi huɗu waɗanda aka yi wa dattijon nan namu da ya rasu a watan Safar, Allah ya jiƙansa, ya ce in duba in faɗi wadda ta cancanci bugawa. To, na duba. Uku daga cikinsu karinsu daidai ne, biyu a baharin Kamil, ɗaya a Basiɗ, ƙafiya ba ta zame ba ko sau ɗaya, har akwai mai ramzi a ƙarshe. Ta huɗu kuwa tana ɗingishi a baiti biyu. Ita na zaɓa, ga kuma dalili, domin kada masu ukun su ce malamin makaranta ya yi son kai.

Aibin ukun nan guda ne. In ka cire sunan mamacin ka sa na wani, ba abin da zai motsa. An kira shi kogin ilimi da fitilar zamani da inuwar marayu, watau kayan da a ke yi wa kowane malami ado da su tun daga Kumasi har Sakkwato. Amma mutumin da muka sani, gajeren nan mai tari da asuba, wanda ya yi shekaru yana ban ruwa a wata gonar dabino kudu da masallacin Ƙuba, na neme shi baiti baiti ban gan shi ba.

Sa'an nan dukansu uku sun ce rana ta yi duhu ranar rasuwarsa, ɗaya har ya ƙara da cewa duwatsu sun girgiza. Jama'a, mu ji tsoron Allah. A garin nan ne Ibrahimu ɗan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu a shekara ta 10 bayan Hijira, aka yi husufin rana a ranar, mutane suka ce saboda shi ne, Annabi ya tashi ya gyara musu, ya sanar da su rana da wata ba su husufi don mutuwar kowa. Shi kuwa idonsa ya zubar da hawaye a kan yaron. In ba a yarda da wannan magana ga ɗan Annabi ba, ina ga mai ban ruwa? Na san mawaƙa suna da izinin kambamawa, amma wannan aro ne daga littafi, ba wanda ya ɗaga kai ya dubi sama ran nan.

Kada a ce na hana a sa rana da iska da itatuwa a cikin marsiyya. Magabata sun sa su, sai dai a wani muhalli dabam. An ruwaito Sayyidina Umaru, bayan an kashe ɗan'uwansa Zaidu a yaƙin Yamama, iskar gabas ba ta busowa sai ta tuna masa da shi. Hansa'u kuwa, wadda ba a yi kamarta ba a wannan fanni, fitowar rana da faɗuwarta su ne lokatan da Sahru ke faɗo mata a rai, kuma ta nuna yawan masu kukan 'yan'uwansu a kewaye da ita shi ya riƙe ta. Ku lura, iskar ba ta yi makoki ba, ranar ma ba ta fasa fitowa ba. Kowace tana kan aikinta, mai baƙin ciki shi ne ya ke tuntuɓe da mamacinsa a cikinsu, domin tare suka sha wannan iskar. Wanda bai taɓa zama da mutum a inuwa ɗaya ba, wace inuwa za ta tuna masa da shi?

Namu ma haka su ke. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa Sarkin Musulmi Bello marsiyya, amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yi wa Hawa'u jajin 'yan taru, kuma abin da ta yabe su da shi halin zama da mutane ne, irin wanda sai maƙwabci ya ke gani. Mutanen zango kuwa ba sai na tuna musu da ta Alhaji Umaru na Karaki ga ɗansa Alhaji Labbo ba.

To, me ya sami mawaƙanmu? Ni a ganina ba ƙarancin karatu ba ne, hannunsu ne bai taɓa gawar ba. Akwai wata rijiya arewa maso gabas da masallacin Ƙuba, ana kiranta Garsu, tafiyar ƙafa ce kaɗan. Ibn Majah ya ruwaito Annabi ya yi wasiyya a wanke shi da salka bakwai na ruwanta. Da ya yi wafati a shekara ta 11, mun san waɗanda suka yi wankan, Aliyu da Abbas da 'ya'yansa Fadlu da Ƙusamu, da Usama da Shuƙranu. Mun san wanda ya haƙa kabarin, Abu Ɗalha, ya yi shi da lahadu irin na mutanen Madina. Rijiyar da sunanta, mai haƙa da sunansa, har irin haƙar an san ta wane gari ce. Daga cikin jama'ar da ta yi wannan aiki da hannunta Hassanu ɗan Sabitu ya fito da marsiyoyinsa.

Yau mutum ya kan cika a asibiti, a sa shi a ɗakin sanyi, ma'aikata su wanke shi, mota ta kai shi Masallacin Annabi, a yi masa salla bayan farilla tare da waɗansu gawawwaki, a kai shi Baƙi'a inda an riga an haƙa. Ban zargi kowa ba. Tsari ne mai tsabta da sauri, kuma wanda ya sami kwanciya a Baƙi'a ya yi babban rabo. Amma mu 'yan'uwansa ba abin da ya rage mana sai ɗaukar makara 'yan taku. Unguwannin da a da a ke jin salati daga gida zuwa gida sun watse, kowa ya hau bene ya rufe ƙofa, hanyar Ƙuba da ta ratsa gonaki ta zama titi mai kantuna da fitilu. Tun 2020 kuma, da annoba ta hana zaman ta'aziyya, muka koyi aika gaisuwa ta waya, annobar ta wuce, al'adar ta zauna. Masu marsiyoyin nan uku a WhatsApp suka ji labarin, kuma daga rubutunsu an gane kafin a share makoki suka gama. Ɗaya daga cikinsu tsakaninsa da gidan bai kai tafiyar rabin sa'a ba.

Ta huɗu wata maƙwabciyarsa ce ta yi ta, ta ce kada a sa sunanta. Mata ba su shiga Baƙi'a, saboda haka ba ta ga kabari ba, ba ta kuwa ce ta gani ba. Abin da ta gani shi ta faɗa: takalmansa a bakin ƙofa kwana uku ba wanda ya iya kawar da su, da tabarmar da aka naɗe, da mai takaba wadda ta ƙi cin kome sai da aka dama mata kunu. Wannan kunun ya tsaya mini a rai, gama Uwar Muminai A'isha ta kan sa a dama talbina, kunun sha'ir, ga waɗanda aka yi wa rasuwa, ta ce Annabi ya faɗa tana rage baƙin ciki, kamar yadda ya umarta a yi wa iyalin Ja'afaru abinci bayan yaƙin Mu'uta a shekara ta 8. Ko mai waƙar ta san hadisin ko ba ta sani ba, ta aikata shi kafin ta ɗauki alƙalami. A baitin da ya fi kyau ta ambaci dabinon da ya yi wa barbara da hannunsa kafin ya kwanta ciwo, ga shi ya nuna, wani ne zai sauke. Ba ta ce itacen ya yi kuka ba, ko da ya ke a Madina mu ke, inda kututturen dabino ya taɓa yin kuka don Annabi ya bar shi ya hau mumbari. Ta san wannan mu'ujiza ce, ba ta kowa ba ce.

Tana da nata laifi. Baiti na 6 ya yi gaɓa ɗaya fiye da kima, na 11 kuma ta canja ƙafiya, sa'an nan addu'ar ƙarshe ta yi tsawo har ta kusa danne waƙar. Na sa alama a gefe, Edita ya mayar mata ta gyara da kanta, kada wani ya gyara mata ya cusa mata kogin ilimi. Sauran ukun a mayar wa masu su tare da godiya. Mai takaba tana da sauran wata biyu a ɗaki, gonar kuma tana nan kudu da masallaci, mai ita ya ce ba ya hana kowa shiga bayan la'asar. In sun aika matansu gidan, su kuma sun je gonar sun dawo, su sake aiko mini in duba.