Allon da Ya Juya Mana Baya: Nazarin Zanen Rembrandt a Ɗakin Aikinsa

Hausawa kan ce yabon kai jahilci ne, amma duk mai zanen da ya zauna zana kansa yana dab da faɗawa wannan tarko. Wannan nazari zai duba yadda Rembrandt van Rijn, ɗan ƙasar Holan da aka haifa a 1606, ya tsallake tarkon a wani ƙaramin zane da ya yi a garin Leiden wajajen 1628, wanda yau yake gidan adana kayan fasaha na Boston a Amurka.

Abin da ido ke fara cin karo da shi a zanen shi ne wani ƙaton allo da aka ɗora bisa majingini, ya cinye ɓangaren dama, ya kuma juya mana baya. Haske ya bi gefensa kamar kaifin wuƙa. Shi kuwa mai zanen yana can ƙuryar ɗaki ta hagu, ɗan ƙarami cikin doguwar riga da malafa, riƙe da burusa, idanunsa ɗigo biyu baƙaƙe. Ɗakin babu ado: bango ya tsage, shafensa yana ɓamɓarewa, ga dutsen niƙa launi a gefe.

A ganina, ma'anar zanen tana cikin tazarar da ke tsakanin mutumin da allonsa. Hannunsa bai taɓa aikin ba. Ya ja da baya yana kallo. Rembrandt na nuna mana cewa mafi nauyin aikin mai fasaha shi ne lokacin da ya ajiye son kai ya zama alƙalin abin da hannunsa ya yi. Shi ya sa ya ƙanƙantar da jikinsa, ya girmama allon, ya kuma hana fuskarsa bayani.

Mai karatu na iya cewa tsoro ne ya kama saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai a gaban aikin da ya fi ƙarfinsa. Wannan fahimta tana da hujja, domin allon ya yi masa tsaye kamar abokin kokawa. Sai dai tsayuwarsa ba ta mai shirin gudu ba ce. Ƙafafunsa sun kafu, kayan aikinsa na hannu. Na fi karkata ga cewa tsoron da hukuncin tare suke tafiya, domin wanda bai ji nauyin aikinsa ba da wuya ya iya auna shi da gaskiya.

Darasin ya shafi mu ɗaliban adabi kai tsaye. Marubucin da bai iya ja da baya daga rubutunsa ya karanta shi da idon baƙo ba, kansa kawai zai ci gaba da yabo, ko da sunan wani ya sa wa tauraron labarinsa.