Lambar Yabo da Ma'aunin Girma: Nazari a kan Bikin Karrama Waƙoƙin Bidiyo

Gabatarwa

Saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa da waƙa daɗaɗɗe ne. Imam Gazali ya keɓe masa babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin, Ibn Hazm ya sassauta, yayin da mafi yawan malaman mazhabobi suka tsananta a kan kayan kiɗa. Wannan maƙala ta bar waccan muhawara ga ma'abotanta, ta fuskanci abin da aka saba tsallakewa, wato bikin da ake nunawa a talabijin domin karrama waƙoƙin bidiyo, da irin darasin da yake koyar da matasan gari kamar Nasarawa Burkullu a ƙaramar hukumar Bukkuyum. Bikin karramawa hukunci ne a kan wanda ya cancanci girma, kuma wanda ya riƙe wannan hukunci ya riƙe wani yanki na tarbiyyar al'umma.

Asalin bikin da isowarsa

Tashar MTV ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1981, ita ce ta ƙago wannan biki a birnin New York a 1984. Kyautarsa mutum-mutumin ɗan sama-jannati ce. A 2008 tashar ta kawo irinsa na Afirka, aka yi na farko a Abuja bisa ɗaukar nauyin kamfanin waya na Zain, inda D'banj ya zama gwarzon shekara. Ƙasar Hausa ta ari tsarin. Aka sami bukukuwan karrama mawaƙa da 'yan fim irin su AMMA, sannan tashar Arewa24, wadda ta soma a 2014, ta zo da shirin Zafafa Goma mai jera waƙoƙin bidiyo daki-daki. Shirin ba bikin shekara ba ne, amma aikinsu ɗaya: bayyana wa mai kallo wa ke sama, wa ke ƙasa.

Ba sai an je Kano ko Abuja ake ganin waɗannan ba. Wayar hannu da masu tura waƙoƙi a rumfunan caji sun wadatar, har saurayin da ke tsakanin Anka da Gummi ya san wanda ya lashe kyauta kamar yadda ɗan birni ya sani.

Wa yake yanke hukunci?

Karrama mawaƙi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara, mahaifar Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. A da, ubangida shi ke yi wa makaɗi kyautar doki ko riga ko naɗi, a gaban jama'ar da ta san harshen, take kuma gane azanci daga shirme. Wannan tsari yana da aibinsa, domin ya haifar da wuce iyaka a yabo da zambo ga abokin hamayya, kuma malaman jihadi sun soki hakan. Sai dai mai kyautar sananne ne, ana iya yi masa nasiha, ana iya kama shi da laifi.

A sabon tsari alƙalai uku ne: kamfanin da ya ɗauki nauyi, da tashar da ke neman masu kallo, da ƙuri'ar masoya ta waya. Dukkansu adadi suke aunawa. Kamfani yana son abin da zai sayar da hajarsa, tasha tana son abin da zai hana a canza ta, ƙuri'a kuwa takan bi wanda ya fi yawan mabiya. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ɗora wa tambayar ko maganar da ke cikin waƙar gaskiya ce, ko tana da amfani. Da yake bidiyo ake karramawa, ido ya rinjayi kunne: mota da tufafi da rawa sun sha gaban kalma, alhali kalma ce jarin waƙar Hausa tun fil azal.

Nan ne sukar da aka saba yi ta gaza. A 2016 ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowarta a bidiyon mawaƙi ClassiQ, aka yi ta ka-ce-na-ce a kan taɓa jiki. Damuwar tana da tushe a shari'a, amma ta tsaya ga abin da ido ya gani a 'yan daƙiƙoƙi. Bidiyon da babu rungumar kowa a cikinsa, amma yake nuna cewa darajar mutum ita ce abin da ya mallaka, yakan wuce salin-alin, har a ba shi lambar yabo.

Abin da ya shafi yammacin Zamfara

Wannan yanki ya ɗanɗana kuɗar neman arzikin gaggawa. A 2010 gubar dalma daga sarrafa duwatsun zinari a cikin gidaje ta hallaka yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayanta kuma matsalar 'yan bindiga ta hana noma da tafiya kasuwa. Zalunci ne a ɗora wa mawaƙa alhakin waɗannan musibu, domin talauci da sakacin hukuma sun riga su. Amma saurayin da ya bar makaranta ya nufi ramin zinari, idan duk wanda ya ga ana tafa wa a allo mai ƙyalƙyali ne, to an ƙarfafa masa zaton da ya riga ya cutar da shi.

Adalci ya wajabta a ambaci alherin bikin. Ya nuna cewa waƙa sana'a ce mai haƙƙin mallaka, ya sa matasa alfahari da harshensu a gaban sauran ƙabilu, ya kuma zaburar da masu ɗaukar hoto su kyautata aiki.

Kammalawa

Musulunci bai ƙi karramawa ba, ma'auninta ya gyara, kamar yadda aya ta 13 ta Suratul Hujurat ta sanya taƙawa mizanin ɗaukaka. Ɗan wannan yanki, Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ya karɓi kyautar Sarki Faisal a 1987 saboda hidimarsa ga addini, kuma musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ke shiryawa ta tabbatar da cewa gasa tana jan hankalin matasa zuwa ga alheri. Abin da ya rage shi ne malamai da ɗalibai su san waɗannan shirye-shirye kafin su yi hukunci a kansu, su auna ma'anar waƙa tare da suturar mawaƙi. Haka kuma masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum da makarantun yankin suna da ikon karrama marubucin waƙa mai ma'ana, da malamin allo, da ungozoma, a bainar jama'a. Matashi yana bin inda ya ga ana tafi. Idan dattawa suka naɗe hannu, wasu za su tafa a madadinsu. Allah ne mafi sani.